Borin da Ke Ɓoye Cikin Kalmar Bature: Tsokaci a Kan "Giddy" da Jiri da Juwa da Hajijiya

GABATARWA

Duk ɗalibin da ya ɗauki ƙamus na Hausa zuwa Turanci ya nemi kalmar "jiri", abin da za a ba shi bai wuce "giddiness" ko "dizziness" ba. In ya matsa gaba kaɗan ya duba "juwa", abin da zai tarar ke nan. In kuma ya koma baya ya lalubo "hajijiya", nan ma duk kanwar ja ce. Watau kalmomi uku na Hausa an juye su cikin ƙwarya ɗaya ta Turanci, an kawo faifai an rufe. Mu kuwa ɗalibai sai mu kwafe mu yi gaba, ba mu tsaya mun tambayi inda aka fafe ƙwaryar ba, balle mu duba ko ta isa ta riƙe abin da aka zuba mata.

To, a wannan ɗan sharhi ina so ne mu ɗaga faifan mu leƙa. Za mu bi sawun kalmar "giddy", wadda daga jikinta aka sami "giddiness", har mu kai ta gidan ubanta. Sa'an nan mu dawo gida, mu saurari yadda mutanen Wonaka da maƙwabtansu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu suke sarrafa kalmominsu uku. Daga nan sai mu auna abin da ƙamusunmu suka yi daidai da kuma inda suka bar baya da ƙura.

Mutum biyu nake yi wa wannan magana. Na farko shi ne ɗan'uwanmu da yake ganin Turanci harshen kimiyya ne tsantsa, wankakke tas, Hausa kuwa harshen camfe-camfe. Na biyu shi ne wanda kishin Hausa ya rufe wa ido, da zarar ya ji kalmar Turanci ta yi kama da tamu sai ya bugi ƙirji ya ce ai daga wurinmu suka sace ta. Tarihin kalmar nan guda ɗaya ya isa ya ba kowannensu amsarsa.

ASALIN KALMAR

A Turancin yau, idan aka ce da mutum "giddy" ana nufin ɗayan abu biyu. Ko dai kansa yana juyawa yana neman faɗuwa, ko kuwa mai rawar kai ne, wanda murna ko ƙuruciya ta hana shi natsuwa. Amma kimanin shekara 1,000 da suka wuce, a zamanin da masana suke kira Tsohon Turanci, watau kafin mutanen Normandi su ci Ingila da yaƙi a 1066, ana rubuta kalmar "gydig" ko "gidig", kuma ma'anarta mahaukaci, wanda hankalinsa ya gushe. Ba ta ɗauki ma'anar jiri ba sai a ƙarni na 16, ƙarnin da aka haifi Shakespeare.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne saiwar kalmar. Mafi yawan masana tarihin Turanci sun tafi a kan cewa "gydig" ta tsiro ne daga kalmar "god", watau abin bauta, aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar nan "-ig", wadda ita ce ta koma "-y" a Turancin yanzu. Ke nan ma'anarta ta can asali ita ce wanda wani abin bauta ya shiga jikinsa. Da Hausar gidanmu sai mu ce wanda iska ta hau.

Kada mai karatu ya yi mamaki. Kakannin Ingilishi, watau ƙabilun Angal da Sakson waɗanda suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak a ƙarni na 5, matsafa ne. Suna da dodanninsu, irin su Tiw da Woden da Thunor da Frig. Addinin Kirista bai fara kafuwa a cikinsu ba sai da wani mai wa'azi, Augustine, ya sauka a yankin Kent a shekarar 597. Har gobe kuwa sunayen dodannin nan huɗu Bature yake ambata duk lokacin da ya ce Tuesday da Wednesday da Thursday da Friday, alhali mu Larabci ya riga ya wanke mana mako tun daga Lahadi har Asabar. A cikin wancan tsohon harshe nasu akwai ma wata kalma, "ylfig", ita ma tana nufin taɓaɓɓe, daga "elf", wani irin ƙaramin aljani. Ita ta mutu ba ta bar baya ba, "gydig" ce Allah ya yi wa tsawon kwana.

Ita kuma abokiyar tafiyarta "dizzy", a Tsohon Turanci "dysig" ake rubuta ta, ma'anarta wawa ko sakarai. Sai wajen ƙarni na 14 ta fara nufin juyawar kai. Ta uku, wadda likitoci suka fi so, ita ce "vertigo", kuma ita ba 'yar gida ba ce, aro ce daga Latin, daga aikatau "vertere" mai nufin juyawa. Larabawa ma ta wannan hanya suka bi. Suna kiran abin "duwar", daga saiwar da ta haifi kalmar "da'ira" wadda muka ara muke amfani da ita a darasin lissafi.

To, duba nan. Cikin kalmomin Turanci uku, ɗaya ta fito daga bori, ɗaya daga wauta. Guda ɗaya tak ce ta bayyana abin da jiki yake ji, ita ma aro aka yi. Ga harshen kimiyya tsantsa!

TA YAYA AKA SANI?

Wani zai ce, ai "god" da "giddy" ba su ma yi kama sosai ba, wasulansu sun bambanta, don me za mu yarda? Amsa ita ce masana tarihin harshe da ƙa'ida suke aiki, kunne ɗan rakiya ne kawai. Tun kafin a fara rubuta Turanci akwai wata dokar sauti da ta ratsa harshen: idan sautin "i" ya zo a gaɓar da ke biye, yakan jawo wasalin da ya gabace shi ya matso zuwa gaban baki. Wannan doka ce ta raba "foot" da "feet", ta raba "mouse" da "mice". Ita ce kuma ta raba "gild", watau shafa wa abu ruwan zinariya, da "gold", zinariya. Sai mai karatu ya jera su: "gold" da "gild", "god" da "giddy". Sawu ɗaya ne, ƙafa ɗaya ce ta taka shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin Hausa. Tun a ajin farko aka koya mana ganɗantawa, watau yadda wasu baƙaƙe suke sauyawa idan "i" ko "e" ya biyo su. Shi ya sa muke da mota da motoci, sata da sace, gida da gidaje, gudu da guje, ƙasa da ƙasashe, kaza da kaji, ɓarawo da ɓarayi, hawa da haye. Baƙon da bai san dokar ba zai iya rantsewa cewa babu abin da ya haɗa kaza da kaji. Wanda ya san ta kuwa, ko kalmar da bai taɓa ji ba aka kawo masa zai iya mayar da ita gidansu.

A nan ne nake so ɗan'uwana mai kishi ya ba ni aron kunnensa. Muna da kalmar "gigi", kamar a gigin barci da gigin tsufa, muna kuma da "gigita". Sauti ya yi kusa da "giddy", ma'ana ma ba ta yi nisa ba. Abin da ya rage kawai shi ne wani ya miƙe a taron ƙungiya ya ce Turawan mulkin mallaka ne suka tafi da ita cikin akwati. Amma fa kama da wane ba ta wane. An rubuta "gydig" a Ingila ɗaruruwan shekaru kafin Hugh Clapperton ya iso Kano da Sakkwato a 1824. Har ila yau, harsunan biyu ba dangi ɗaya ba ne. Hausa tana cikin rukunin Cadi na babban gidan da Joseph Greenberg ya kira Afro-Asiya a littafinsa na 1963, gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye. Turanci kuwa ɗan rukunin Jamusanci ne a gidan Indo-Turai. Daɗin daɗawa, baƙin "d" da ke tsakiyar "giddy" shi ne ƙashin bayan kalmar, "gigi" kuwa ba ta da shi, babu kuma wata doka da za ta bayyana inda ya shiga.

Abin dariya ma, kalmomin da suka haɗa jini da gaske sau da yawa ba sa kama. Wa zai ji "likita" ya ce daga "doctor" take, ko ya ji "asibiti" ya tuna da "hospital"? Amma ga shi daga can suka fito, kuma ana iya nuna matakan da suka taka ɗaya bayan ɗaya. Kishin harshe abu ne mai kyau. Sai dai kishin da ba shi da hujja, abokan hamayya yake ba abin dariya.

BORINSU DA NAMU

Yanzu bari mu koma ga ɗan'uwa na farko, mai ganin camfi a Hausa kaɗai yake. A harshenmu kalmar "iska" tana da fuska biyu: wadda take kaɗawa, da kuma wadda take hawan mutum. 'Yan bori suna kiran namijin da iska ta hau doki, mace kuma goɗiya. Idan mai garaya ko mai goge ya taɓa taken iskar, abin da 'yan kallo suke fara gani shi ne layi da tangaɗi da juyewar idanu, sa'an nan faɗuwa. Idan za ta sauka kuma sai a yi atishawa. Mutanen ƙasarmu ba sai an yi musu dogon bayani ba, domin Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙasar Bunguɗu ya daɗe da shahara a matsayin matattarar bautar iskoki ta mutanen da.

Wanda ya taɓa ganin haka zai gane yadda kalma mai nufin "iska ta hau shi" za ta gangaro ta koma nufin "kansa yana juyawa". Daga nesa, mai jiri da wanda bori ya fara kamawa tafiyarsu ɗaya. A. J. N. Tremearne ya wallafa littafi sukutum a kan bori a 1914, Greenberg kuma ya wallafa nasa a kan addinin Maguzawan Kano a 1946. Turawa sun karanta suna jinjina kai, suna mamakin al'adun mutanen nesa, alhali irin wannan imani yana kwance a kan harshensu, suna furta shi kullum. Da ma an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ba yabon bori ya kawo ni ba. Jihadin 1804 ya yaƙe shi, malamai kuma ba su fasa yaƙarsa ba. Abin lura shi ne kalma ta fi al'adar da ta haife ta tsawon rai. Muna cewa mutum ya sami taɓin hankali, ko mu ce taɓaɓɓe ne. Wa ya taɓa shi? Tsofaffi sun san amsa, kamar yadda Balarabe ya san aljani ne a cikin kalmar "majnun". Muna kiran shashasha ɗan iska. Yaro in ya kwanta a ƙasa yana shure-shure don an hana shi alewa, sai mu ce bori yake yi. Wanda aka kama da laifi ya hau faɗa, mu ce borin kunya ne. Ƙuraje in sun feso wa mutum farat ɗaya suna ƙaiƙayi, mu ce borin jini. Dubi yadda "bori" ta sauko daga hawan iska zuwa rigimar yaro, daidai da yadda "giddy" ta sauko daga hauka zuwa rawar kai.

Darasin da ke nan shi ne asalin kalma daban, ma'anarta ta yau daban. Limamin da ya ce wa ɓarawon takalma ɗan iska bai yi shirka ba, haka likitan Ingila da ya rubuta "giddiness" a katin mara lafiya bai yi tsafi ba. Kowane harshe rumbu ne, akwai tsohuwar tsaba a ƙasansa. Saboda haka babu dalilin da zai sa ɗan boko ya ji kunyar kalmar kakarsa, ya ruga ya ɓuya bayan ta kakar Bature.

KALMOMINMU UKU

To, mu dawo ga abin da aka zuba cikin ƙwaryar. Abin da zan faɗa a nan na ɗauko shi ne daga bakin mutanen Wonaka da kewaye, yadda kunnena ya saba ji.

Hajijiya ita ce mafi bayyana, domin wasa ce kafin ta zama ciwo. Yara a dandali sukan buɗe hannuwa su yi ta juyi a wuri ɗaya, in sun tsaya sai su ga gidaje da itatuwa suna zagaya su, su zube suna dariya. Dalilin abin yana can cikin kunne. Akwai wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa kamar rabin zobe, cike da ruwa, waɗanda su ne suke sanar da ƙwaƙwalwa motsin kai. In yaro ya tsaya cak, ruwan bai tsaya tare da shi ba, sai kunne ya ce ana juyi, ido da ƙafa su ce an tsaya. Wannan gardama ce hajijiya. Wani likitan Faransa, Prosper Ménière, shi ya nuna a 1861 cewa ciwon cikin kunne yana kawo irin wannan juyi, Robert Bárány kuma ya sami kyautar Nobel ta 1914 saboda bincikensa a kan wannan sashe na kunne. Idan babba ya ce hajijiya yake ji alhali bai yi juyi ba, yana gaya maka ne duniya ce take zagaya shi.

Jiri kuwa ya fi zuwa a bakin manomin da ya daɗe a duƙe yana cirar gyaɗa ya miƙe da sauri, ko mai azumi da la'asar sakaliya a watan bazara, ko mai ciki, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini. Za ka ji ya ce, "Idona ya yi duhu, na yi luuu, sai da na dafa bango." A nan ba lalle ne wani abu ya juya ba. Jini ne bai isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata ba na ɗan lokaci, kuma in abin ya yi tsanani ƙarshensa suma.

Juwa tana tsakani, tana taɓa nan tana taɓa can, kuma tana da daɗi a bakin tsofaffinmu. Tsohuwa za ta ce maka, "Ina tashi tsaye sai juwa tak kwashe ni." Ina ganin ita da "juyi" da "juya" tsatso ɗaya ne, hujjata kuwa ita ce dokar nan da ta ba mu hawa da haye, ɓarawo da ɓarayi, inda "w" yake komawa "y". In haka ne, to juwa ita ce takwarar "vertigo" da "duwar" ta wajen gini, ko da yake a wajen amfani ta faɗaɗa.

Ba na cewa akwai katanga tsakanin kalmomin nan uku. Mutum ɗaya zai iya musanya su cikin zance guda, wani gari kuma ya fi son ɗaya a kan sauran. Amma kowace tana da inda ta fi karkata, kamar yadda rafi yake da inda ya fi zurfi. Ga kuma maƙwabtansu, kowace da aikinta: layi da tangaɗi su ne abin da mai kallo yake gani, magagi na wanda aka tasa daga barci ne, ɗimuwa ta wanda ya rasa gabas da yamma ce.

Wani abin lura shi ne ginin jimla. Bature yakan sa kansa a gaba, ya ce shi ne yake jin abin. Bahaushe kuwa cewa yake jiri ya ɗebe ni, juwa ta kwashe ni, hajijiya ta kama ni. Ciwon ne mai aikatawa, mutum kuwa karɓau ne, kamar wani abu ya zo daga waje ya sure shi. Gaskiya ne haka muke yi wa yunwa da barci ma. Duk da haka, abin da Turanci ya binne a cikin saiwar kalma, mu muna iya hango inuwarsa a cikin nahawu.

INDA ƘAMUS YA GAZA

Kafin suka, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. G. P. Bargery ya tara kalmomi wajen 39,000 a ƙamusunsa na 1934, har da nuna waɗanda na Sakkwato ne ko na Katsina, kuma har yau ba a daina shan ruwan rijiyarsa ba. R. C. Abraham ya biyo da nasa a 1949, cike da misalan jimloli. A 1977 aka sami Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka shirya tare da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, sa'an nan a 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, mai bayyana Hausa da Hausa. Duk wanda ya raina waɗannan ayyuka bai san wahalar tattara kalma ba.

Sai dai ƙamus mai harshe biyu yana da iyakarsa. An gina shi ne don mai neman kalmar Turanci mafi kusa, ya ɗauka ya wuce. Da zarar an sami wadda ta yi kusa, aiki ya ƙare, bambancin da ke tsakanin 'yan uwa uku kuwa ya bi ruwa. Laifinmu mu ɗalibai shi ne mun mayar da wannan gajeriyar fassara ita ce ma'anar kalmar baki ɗaya. Har ta kai wani in ka tambaye shi mene ne jiri, da Turanci zai ba ka amsa.

Gazawa ta biyu ita ce ta tarihi. Me ya sa na iya gaya wa mai karatu ƙarnin da "giddy" ta sauya ma'ana? Domin Ingilishi sun yi babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitarwa a 1884 aka kammala a 1928, inda kowace kalma aka jero misalanta daga rubuce-rubuce, kowane da shekararsa. Neil Skinner ya share mana fage da ƙamusunsa na kwatanta Hausa da danginta a 1996. Amma irin wancan na bin kalma shekara da shekara, shi ne Hausa take bukata. Kayan aikin kuwa muna da su: waƙoƙin ajami na zamanin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u, kundayen magani na malaman zaure, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, da littattafan Hukumar Talifi ta Zariya.

Kada a ɗauka wannan gardamar 'yan aji ce kawai. A ɗauki mace mai ciki da ta taso daga Wonaka zuwa asibiti a Gusau. Ta yi bayaninta da Hausa, ma'aikacin lafiya ya rubuta kalma ɗaya ta Turanci a kati, likita kuma katin zai karanta. Alhali tun a 1972 likitoci biyu na Amurka, Drachman da Hart, suka kasa abin da ake kira "dizziness" gida huɗu: juyawar duniya, jin kamar za a suma, rashin daidaituwar tafiya, da wani yanayi na rashin nauyin kai mai wuyar bayyanawa. Kowane da inda yake nuni. Wani kunne yake nunawa, wani zuciya ko ƙarancin jini, wani jijiyoyi. Mai ciki kuwa in jirinta ya haɗu da ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, to ana jin tsoron hawan jini ne, wanda yake iya kai ta ga jijjiga, ita da abin da ke cikinta su shiga haɗari.

Gaskiya ne wani bincike da aka wallafa a 2007, wanda aka yi a asibitocin Baltimore ta Amurka, ya nuna marasa lafiya sukan sauya kalmar da suka bayyana ciwon da ita in an sake tambayarsu bayan 'yan mintoci. Shi ya sa likitocin yanzu suka fi dogara ga tambayar yaushe abin yake zuwa, me yake tayar da shi, kuma tsawon wane lokaci yake ɗauka. Wannan ƙarfafa maganata ya yi. Kalma ɗaya ba ta isa ba ko a Turanci. Dole a bi ta da tambaya: "Baba, ɗaki ne yake juya miki, ko idonki ne yake rufewa? In kin juya a kan gado ne, ko in kin miƙe tsaye?" Wanda zai yi wannan tambaya da kyau shi ne wanda ya san Hausarsa ciki da bai.

KAMMALAWA

Mun ga "giddy" ta fito daga gidan tsafi, ta bi ta hauka, ta sauka a jiri da rawar kai. Mun ga ƙa'idar sauti ce ta tabbatar da haka, ita ce kuma ta hana mu ƙulla mata zumunci da "gigi". Mun kuma ga kalmominmu uku sun fi ƙarfin ƙwaryar da aka zuba su.

Saura aiki, kuma namu ne. Ina ba ƙungiyarmu shawara cewa a hutu mai zuwa kowane ɗalibi ya ɗauki rukuni ɗaya na kalmomin jiki da ciwo, ya zauna da tsofaffin garinsu, maza da mata, musamman ungozoma da wanzamai. Ya rubuta jimlar yadda ta fito daga bakinsu, da karin harshensu, ba tare da ya gyara ta zuwa Daidaitacciyar Hausa ba, ya sa sunan gari da kwanan wata. Wayar da ke aljihunmu ta isa ta ɗauki murya. A tara abin da aka samu a miƙa wa Sashe, shekara bayan shekara.

Abin yana bukatar hanzari. Fitinar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka da dama a Zamfara, tsofaffi da yawa sun koma zaman birni, jikokinsu kuma Hausar rediyo da ta waya suke tasowa da ita. Tsohuwar da take cewa "juwa tak kwashe ni" ba za ta jira mu gama digiri na uku ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu ikon yi, ya kuma kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, amin.